Faransa: yadda hanyar keke ta kilomita 900 ke kai baƙi ƙauyukan manoman inabi na kogin Loire

Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin kogin Loire, a tsakiyar ƙasar Faransa, zai ga ayari-ayari na mahaya keke suna wucewa: tsofaffin da suka yi ritaya, ma'aurata da 'ya'yansu, abokan aiki da ke hutun shekara. Ba tsere suke yi ba. Wasu kwana uku za su yi a hanya, wasu mako guda, wasu kuma har mako biyu, suna ratsa gonakin alkama da lambunan tuffa da gonakin inabi, suna kwana duk garin da suka tsara yini zai ƙare musu.

Hanyar da suke bi ana kiranta La Loire à Vélo, wato bin kogin Loire a kan keke. Ga baƙo, hutu ne da motsa jiki. Ga ƙauyukan da take ratsawa kuwa, batu ne na abin sakawa a bakin salati, domin noman inabi da yankin ya dogara da shi tun kaka da kakanni na fuskantar matsi daga kasuwa da kuma sauyin yanayi.

Daga ina zuwa ina?

Loire shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. Hanyar keken ta tashi ne daga ƙauyen Cuffy da ke kusa da birnin Nevers, ta bi kogin zuwa yamma har garin Saint-Brevin-les-Pins, inda ruwansa ke zuba cikin tekun Atlantika. Idan aka haɗa da rassanta, tsawonta ya kai kimanin kilomita 900, kwatankwacin tafiyar Yamai zuwa Damagaram. A tsakani akwai biranen Orléans, Blois, Tours, Saumur, Angers da Nantes.

Jihohi biyu ne suka haɗa hannu suka shimfiɗa ta, Centre-Val de Loire da Pays de la Loire. An fara tsara aikin a shekarar 1995, an buɗe sashen farko a 2005, sannan aka kammala haɗe sassan a 2012, bayan an kashe kimanin euro miliyon 50, wato sama da miliyar 30 na CFA. A yau fiye da mutum miliyon guda ke bin wani sashe nata a kowace shekara. Ita kanta wani yanki ce na doguwar hanyar da ake kira EuroVelo 6, wadda ta ratsa nahiyar Turai daga tekun Atlantika har Bahar Aswad.

Ba sabon titi aka gina daga farko har ƙarshe ba. An ɗinke abin da aka tarar ne: wani wuri hanya ce ta kekuna zalla, wani wuri ƙaramin titin ƙauye ne da motoci ba su cika bi ba, wani wuri kuma saman jingar da aka yi wa kogin ne don tare ambaliya. An kafa alluna masu alamar keke a mahaɗun hanyoyi, ta yadda baƙon da bai iya Faransanci ba ma zai iya kai kansa. Babban abin da ya sa ta karɓu shi ne shimfiɗarta. Tun da kogi take bi, hawa da gangara kaɗan ne, yaro da dattijo duk suna iyawa.

Yadda ake tsara tafiyar ayari

Yawo a kan keke tsohuwar al'ada ce a Faransa. Hukumar da ta haɗa ƙungiyoyin masu wannan sha'awa an kafa ta tun 1923. Da dokar 1936 ta bai wa ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashi, da yawansu a kan keke suka fara fita gari, saboda mota ta fi ƙarfin talaka a lokacin.

A yau ayarin kan haɗu ta hanyoyi uku. Akwai ƙungiyoyin unguwa da na gari, waɗanda mambobinsu ke tsara komai da kansu, su raba kuɗin masauki. Akwai kamfanonin yawon buɗe ido da ke sayar da tafiyar a dunƙule, da hayar keke da ɗakin kwana da jagora. Sai kuma dangi ko abokai da ke ɗaure tanti a bayan keke su kama hanya.

Galibi ana yin kilomita 40 zuwa 60 a yini, tafiyar awa uku zuwa biyar idan an cire tsaye-tsaye. Ana tashi bayan karin kumallo, a ci abincin rana a wani ƙauye ko a inuwar bakin kogi, a isa masauki kafin la'asar ta yi sanyi. A ayarin da ke da tsari, mutum ɗaya ne ke gaba yana ja, wani kuma yana can baya, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya wuce kowa. In taya ta yi faci ko wani ya gaji, shi ne zai tsaya da shi. Saboda haka ba mafi ƙarfi ne ke yanke saurin tafiya ba, mafi rauni ne. Idan kamfani ne ya shirya, wata mota kan kwashi jakunkuna da safe ta kai su masauki na gaba, mahayi ya tafi da gorar ruwa, rigar ruwan sama da kayan faci kawai.

Abubuwa biyu sun ƙara buɗe ƙofa ga waɗanda da ba za su iya ba. Na farko keke mai batir, wanda dokar Turai ta ƙayyade cewa injinsa taimako kawai yake yi wa mai tuƙi, kuma yana yankewa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Da shi, kaka da jika na iya jerawa. Na biyu jirgin ƙasa. Layin dogo na bin kwarin kogin, kuma a lokacin zafi ana tanadar taragu na musamman don kekuna tsakanin Orléans da gabar teku. Wanda ya gaza a rana ta uku zai iya shiga jirgi ya tari 'yan'uwansa a gari na gaba.

Akwai wani abu da sababbin zuwa kan gano a makare. Mafi yawan mutane na bin kogin ne daga gabas zuwa yamma, yadda ruwa ke gangara, alhali iskar yankin ta fi kaɗowa daga yamma, daga teku. Mai gangarawa kan sha iska a fuska, shi ya sa wasu ayarin ke farawa daga bakin teku su hauro.

Abin da ake gani a hanya

Wanda ya taso daga gabas, gonakin inabi na farko da zai tarar su ne na Sancerre, wani gari da ke kan tudu, da na Pouilly-sur-Loire a ɗaya gabar. Nan ne kuma ake yin cukun nonon akuya na Chavignol. Gaba kaɗan, a Briare, mahaya kan tsallake Loire ta kan wata gada ta ban mamaki: ruwa ne a cikinta, jiragen ruwa ke bi. Tsawonta mita 662, an buɗe ta a 1896, kuma kamfanin Gustave Eiffel, mai hasumiyar birnin Paris, na cikin waɗanda suka yi aikinta.

Arewa da Orléans akwai filin Beauce, wanda ake yi wa kirari da rumbun alkamar Faransa. Birnin Orléans kansa ya yi suna da ruwan tsami na vinaigre, kuma dalilin na komawa ga kogin. A zamanin da jiragen ruwa masu shimfiɗaɗɗen gindi ke dakon giyar inabi zuwa Paris, a nan ake sauke kaya, wadda ta yi tsami a hanya sai a mayar da ita vinaigre. Zuwan jirgin ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19 ne ya kashe wannan fataucin na ruwa.

Daga nan sai yankin gidajen sarauta. Akwai Chambord, wanda sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519, da Blois, da Amboise, garin da mai zane ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya rasu a wannan shekarar. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta saka kilomita 280 na kwarin, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes-sur-Loire, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ba gine-ginen kaɗai aka karrama ba, har da gonaki da ƙauyuka da yadda mutane suka zauna da kogin tsawon ƙarnoni.

Farin dutsen da aka gina waɗannan fadoji da shi, wanda ake kira tuffeau, daga cikin tuddan bakin kogin aka haƙo shi. Ramukan da aka bari suka zama koguna masu tsawon gaske. Wasu an mayar da su gidaje, wasu ana noma laimar kwaɗi irin wadda ake ci a ciki, wasu kuma rumbunan ajiyar giya ne, saboda sanyinsu ba ya gusawa daga kusan digiri 12, rani da hunturu. Tsakanin Montsoreau da Saumur, wani sashe na hanyar keken yana kutsawa ta cikin irin waɗannan koguna.

Tsakanin Saumur da Angers akwai babbar jingar Anjou, wadda asalinta ke komawa ƙarni na 12, zamanin sarki Henri na Biyu Plantagenêt. A bayanta kwarin Authion yake, ƙasa mai albarka da ake noman furanni, kayan lambu da irin shuka na sayarwa. Ba don jingar ba, da ruwa ne ke kwana a gonakin. Mutanen kwarin Loire ba su manta da manyan ambaliyoyin 1846, 1856 da 1866 ba, har yau ana ganin alamar inda ruwa ya kai a jikin wasu gine-gine. Kusa da Nantes kuwa, lambunan ganyen salati ne da gonakin inabin Muscadet, kafin iskar teku ta fara kaɗowa.

Me ya sa manoma ke maraba da masu keke?

A Faransa, sunan ƙauye shi ne jarin manomin inabi. Tun daga dokar 1935, an kafa tsarin da ake kira AOC, wanda ya ƙayyade cewa ba wanda zai rubuta Sancerre, Vouvray ko Chinon a jikin kwalba sai inabin ya fito daga wannan ƙasa, da irin da aka amince, bisa hanyar noman da aka gindaya. Mai saye a Landan ko Tokyo ya san sunan, amma bai taɓa ganin tudun ba. Wanda ya hau tudun da ƙafarsa, ya gaisa da mai gonar, da wuya ya manta sunan, kuma gani ya kori ji.

Ga kuma matsalar kasuwa. A shekarun 1960, abin da Bafaranshe ɗaya ke sha na giyar inabi a shekara ya haura lita 100. Yanzu ya dawo kusan lita 40, kuma matasa na ƙara ja da baya. Ƙaramin manomi da ke sayar wa dillali ko manyan kantuna ba shi da bakin magana a kan farashi. Amma idan baƙo ya shigo gonarsa ya saya hannu da hannu, ribar dillali ta zama tasa. Da yake mai keke ba ya iya ɗaukar kwali, gonaki da dama na aika wa mai saye kayansa har gida. Wasu kuma sun gyara tsofaffin rumbuna sun zama ɗakunan kwana, ko sun ware fili don masu tanti.

Lissafin da hukumomin jihohin suka yi tun farko mai sauƙi ne. Baƙon da ke cikin mota na iya ziyartar fadoji uku a yini guda, ya koma ya kwana a babban birni, ƙauyukan da ke tsakani ƙura kawai za su gani. Mai keke kuwa ba ya wuce kilomita 50 bai ji yunwa ba. Dole ya sayi burodi, ya cika gora, ya nemi wurin kwana, kuma duk a inda ƙafarsa ta gaji. Jinkirinsa shi ne ribar ƙauye. A ƙaramin garin da matasa suka watse zuwa birni, cinikin watannin zafi na iya zama abin da zai hana mai gidan burodi ko mai shagon abinci rufe ƙofa.

Don a tabbatar baƙon ya samu abin da yake buƙata, an ƙirƙiro tambarin Accueil Vélo. Masauki, gidan abinci ko shagon haya da ke son samunsa sai ya kasance cikin kilomita 5 daga hanyar, ya tanadi wurin ajiye keke mai tsaro da kayan gyara. Tsarin ya fara ne daga wannan yanki kafin ya bazu a faɗin ƙasar.

Ba kowane mahayi ne ke shan giya ba, kuma tafiyar ba ta rataya a kanta ba. Gonaki da yawa na sayar da ruwan inabi da na tuffa marasa sa maye, ga cuku, zuma da 'ya'yan itace a kasuwannin mako.

Gona ce, ba wurin shaƙatawa ba

Inda ake samun saɓani shi ne inda baƙo ya manta cewa wurin aikin wani yake ratsawa. Gonakin inabi ba su da shinge, amma suna da masu su. Tsinkar nonon inabi don ɗanɗanawa, ko kutsawa tsakanin kunyoyi don ɗaukar hoto, na ɓata wa manoma rai, musamman gab da girbi. A watannin Satumba da Oktoba, taraktoci masu jan tirela cike da inabi na bin ƙananan titunan da masu keke ke bi, kuma mai girbi ba shi da lokacin jira. A farkon bazara kuma lokacin feshin magani ne, abin da ya daɗe yana jawo muhawara a Faransa tsakanin manoma da maƙwabtansu.

Dokar hanya ma ba ta ɗaga wa mai keke ƙafa ba. An yarda mutum biyu su jera, amma sai su koma layi ɗaya da dare ko idan mota na neman wucewa. Direban da zai wuce mai keke a wajen gari wajibi ne ya bar tazarar mita ɗaya da rabi. Tun 2017 dole ne yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ya sa hular kwano. An hana toshe kunne da abin sauraron waƙa. Sannan iyakar barasa a jini da aka sa wa direban mota, giram 0.5 a kowace lita, ita ce ta mai keke. Shi ya sa masu jagorantar ayari kan ajiye ziyarar rumbunan giya sai ƙarshen yini, kusa da masauki.

Yanayi na sauya lissafi

Babbar barazanar da ke gaban manoma da masu masauki iri ɗaya ce. Saboda hunturu ya rage tsanani, kurangar inabi na yin toho da wuri. Idan sanyi mai daskarar da raɓa ya dawo cikin daren Afrilu, sai ya ƙone tohon, amfanin shekara ya tafi kafin gari ya waye. Haka ta faru a kwarin Loire a 2016 da 2017, sannan a Afrilun 2021 abin ya game kusan ƙasar baki ɗaya. Manoma sun kwana a gona suna kunna dubban kyandirori a tsakanin kunyoyi don ɗumama iska, amma girbin shekarar ya kasance cikin mafi ƙanƙanta da Faransa ta gani a shekaru masu yawa. Gwamnatin firaminista Jean Castex ta yi alkawarin tallafin euro miliyar guda ga manoman inabi da na 'ya'yan itace.

Shekara guda bayan haka, a 2022, fari ne ya zo. Ruwan Loire ya ja baya har yashi ya bayyana a wuraren da aka saba ganin ruwa, aka taƙaita ban ruwa a gonaki. Zafin da kan kai digiri 40 a wasu ranakun Yuli da Agusta ya sa ayari da dama ke tashi tun da asuba su sauka kafin azahar, wasu kuma sun mayar da tafiyarsu watan Mayu, Yuni ko Satumba.

Ba yau ne manoman yankin suka fara ganin tashin hankali ba. A ƙarshen ƙarni na 19, wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira phylloxéra, wanda ya shigo daga Amurka, ya hallaka mafi yawan gonakin inabin Faransa. Mafitar da aka samu ita ce auren itace, kamar yadda ake yi wa mangwaro: aka ɗora reshen inabin Faransa a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa. Kusan duk kurangar da mahayi ke gani a bakin Loire a yau a kan irin wannan saiwa take tsaye.

Kuɗin masu keke ba zai maye gurbin girbin da sanyi ya ƙone ba, kuma manoman sun san haka. Abin da yake yi shi ne rage wa gida dogaro da abu ɗaya: shekarar da gona ta gaza, ɗakin baƙi na iya biyan wani ɓangare na bashin banki. Don haka hukumomin jihohin biyu ke ci gaba da gyaran hanyar, suna kuma ƙara mata rassa zuwa kwarin kogunan Cher, Indre da Vienne, domin ƙauyukan da ke nesa da bakin Loire su ma ayarin ya biyo ta ƙofarsu.